A Ingila Ba A Barin Yaro Ya Ɓace Daga Rajista

 

Yau ina so mu ɗan leƙa Ingila mu ga yadda suka tsara karatun 'ya'yansu. Na san wani zai ce, to kai ɗan mai goro da iyakacinka sakandare, ina ruwanka da makarantun Turawa? Dalilina shi ne, duk lokacin da hirar karatun Turai ta taso a majalisa, abin da ake zuzutawa bai wuce gini mai hawa da kwamfuta da motar ɗaukar yara ba. Ni kuwa da na bi tsarin nasu daki-daki, sai na ga ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙarfin tsarin yana cikin wani abu mai arha wanda kowane ɗan kasuwa ya san shi, wato rubuta abu a littafi da bin sawunsa. Sun san yawan yaransu, sun san inda kowane yake, kuma akwai wanda doka za ta tuhuma idan yaro ya ɓace daga aji.

Kafin mu yi nisa, Birtaniya ƙasashe huɗu ne a haɗe, kowace da nata tsarin ilimi. Sikotlan na da nata azuzuwa da nata jarrabawa, Wels ta shigo da sabuwar manhaja a 2022, a Ayalan ta Arewa kuma tun yaro yana shekara 4 yake fara firamare. Maganata za ta tsaya a kan Ingila, domin ita ta fi yawan jama'a, kuma can ne akasarin 'yan Najeriya ke sauka.

Shekarar karatu a watan Satumba take farawa ta ƙare a Yuli. Zango uku ne kamar namu, sai dai su suna da hutun mako guda a tsakiyar kowane zango. Kwana 190 yaro ke zama a aji a shekara. Doka ta ce dole yaro ya fara karatu a zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5, amma yawanci tun suna shekara 4 ake kai su ajin share fage. Daga nan sai aji ɗaya zuwa aji shida, nan ne firamare, yaro ya gama yana ɗan shekara 11. Idan an shiga sakandare ba sa sake ƙirga daga ɗaya, aji bakwai suke cewa, a yi ta hawa har aji sha ɗaya. A nan ne yaro, yana da shekara 16, zai rubuta GCSE, wadda ita ce kwatankwacin WAEC ɗinmu. Daga 2017 aka fara sauya makinta daga haruffa zuwa lambobi, 9 ce ƙololuwa, 1 ce ƙasa.

Gama GCSE ba shi ne sallama ba. Tun 2015 doka ta ce yaro ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya kai 18. Mai son jami'a sai ya ƙara shekara biyu ya yi A-level, galibi a darussa uku da ya zaɓa. Akwai kuma T Level da aka ɓullo da ita a 2020, inda ake haɗa aji da aƙalla kwana 45 a wurin aiki. Wanda kuma hannunsa ya fi son aiki sai ya shiga koyon sana'a a ƙarƙashin wani kamfani ko maigida, kamar dai yaron shago a nan, sai dai shi da albashi da takardar shaida, kuma an ware masa lokacin karatu.

Wani abin lura shi ne, shekarun haihuwa ne ke sa yaro a aji. Duk yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta mai zuwa aji ɗaya suke, tare za su hau, kuma da wuya ka ji an ce yaro ya maimaita aji. Shi ya sa ba za ka ga saurayi mai tsiron gemu yana zaune da ƙannensa a aji uku ba. Wannan ba zai yiwu ba sai an san ranar haihuwar kowa, don haka doka ta ba iyaye kwana 42 su yi wa jariri rajista. Ka ga ke nan tun daga zanen goyo lissafin ya fara.

A hanya kuma ana ta auna yaron don a gane wanda aka bari a baya. A ƙarshen aji ɗaya, tun 2012, ana zaunar da kowane yaro ya karanta kalmomi 40 a ga ko ya iya haɗa baƙi. A aji huɗu a gwada haddarsa ta lissafi har sha biyu sau sha biyu. A aji shida a yi masa jarrabawar Turanci da lissafi. A ƙananan azuzuwa, na 'yan shekara 5 zuwa 7, doka ta hana a tara wa malami ɗaya yara fiye da 30, sai da wani dalili na musamman. Tun 2014 kuma abincin rana kyauta ne ga kowane yaro a shekaru ukun farko. Bulala kuwa, majalisarsu ta hana ta a makarantun gwamnati tun 1986.

To yanzu ga inda nake so mu natsu. Wa ke da alhakin samar wa yaro gurbi? Ƙaramar hukumar da yaron ke zaune a cikinta. Ba ta tambayar garin da aka haifi kakansa. Abin da take so ta gani shi ne shaidar adireshi. Iyaye su cike takarda su jera makarantun da suke so, na sakandare kafin 31 ga Oktoba, na firamare kafin 15 ga Janairu, sannan a ba kowa amsa rana ɗaya, na sakandare a farkon Maris, na firamare a tsakiyar Afrilu. Idan masu nema sun fi gurbi yawa, yaran da ke hannun hukuma, irin waɗanda ba su da mai riƙo, su ake fara ɗauka. Bayansu galibi sai masu wa ko ya a makarantar, sai kuma wanda gidansu ya fi kusa. Wanda bai samu inda yake so ba yana da damar ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti mai zaman kansa, amma ko ya ci ko bai ci ba, dole a ba ɗansa kujera a wata makarantar. Idan kuma makarantar da ta fi kusa ta wuce mil 2 ga yaron da bai kai 8 ba, ko mil 3 ga wanda ya kai, hukuma ce za ta ɗauki nauyin motarsa.

Baƙo ma haka. Iyali su sauka daga Legas ko Karachi a tsakiyar zango, ƙaramar hukuma za ta nema wa yaransu aji, kuma an gargaɗi makarantun gwamnati kada su hana yaro gurbi saboda ƙasarsu ko matsayin takardun iyayensa. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban Ingila ba Turanci ne harshensu na gida ba. Mu da muke zaune a garin wasu, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Bayan an ba yaro kujera sai a sa ido a ga yana zama a kanta. Sau biyu ake kiran suna a rana, da safe da kuma bayan cin abinci. Yaro bai zo ba kuma ba a ji daga gida ba, a ranar ake buga wa iyaye waya. Daga Agustan 2024, idan yaro ya yi fashin kwana 5 ba izini cikin mako goma na karatu, ana iya cin uba tarar fam 80, uwa ma fam 80, a kan kowane yaro, in an wuce kwana 21 ba a biya ba ta koma 160. Abin in ya ci tura sai kotu, inda tara kan kai fam 2,500, ko ɗaurin da zai iya kai wata uku. Kowane ɗalibi yana da lambarsa ta musamman da ke bin sa duk inda ya koma, kuma idan ya sauya makaranta, tsohuwar tana da kwana 15 na karatu ta aika wa sabuwar da bayanansa. Hedimasta ba shi da ikon ya goge sunan yaro kawai don ya daina ganinsa. Sai ya sanar da hukuma, sun haɗu sun nemi inda yaron ya shiga. Ita kanta makarantar da yawan yaran da ke rajistarta ake ba ta kuɗi, don haka ɓatan yaro asara ce gare ta.

Kada wani ya ɗauka haka Allah Ya halicci Bature da son lissafi. Wuya ce ta koya musu. Shekara 150 da suka wuce 'ya'yan talakawansu a masaƙu da gonaki suke wuni. A 1870 aka yi dokar gina makarantu, a 1880 aka tilasta zuwa, a 1891 aka sauke wa iyaye kuɗin firamare, dokar 1944 ta mai da sakandare kyauta, sai 1972 aka kai shekarun barin makaranta 16. Ko bayan haka akwai yaran da ke zurarewa. A watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Victoria Climbié ta rasu a Landan. 'Yar Kwaddibuwa ce, wata 'yar uwar mahaifinta ta karɓo ta riƙo da alkawarin za ta sa ta a makaranta a Turai. Matar da saurayinta suka yi ta azabtar da ita har rai ya yi halinsa, kuma duk watannin da ta yi a Ingila ba a taɓa sa ta a wata makaranta ba, balle wani malami ya kira sunanta ya ji shiru. Binciken da aka yi ya fito a 2003, kuma yana cikin abin da ya jawo dokar 2006 da ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin zaƙulo yaran da ba sa karatu a yankinta. Mu da riƙo ya zama al'adarmu, wannan labari ba baƙonmu ba ne.

Akwai kuma wani gefe na dokarsu da ya fi kama da rayuwarmu. Su ma suna da mutanen da sana'arsu ta yawo ce, irin masu kai wasannin lilo gari-gari da wasu ƙabilu da ke zaune a motocin kwana. Ba a ce su bar sana'arsu ba, ba a kuma ce 'ya'yansu su zauna haka ba. Doka ta yarda yaro ya yi rajista a makarantu biyu, ta gida tana riƙe masa da kujerarsa, yana kuma shiga wata a inda aka sauka. Idan uba ya nuna sana'arsa ce ke sa shi yawo, kuma yaron da ya kai shekara 6 ya amsa kiran suna sau 200 cikin shekara, wato wajen rabin na sauran yara, to ba za a kama uban da laifi ba. Wato dai sun zauna sun yi tunanin ɗan falke.

Ba na so in yi muku tallan da babu aibi. Tsarin yana da nasa tabo. Tunda kusanci ne ke ba da gurbi, gidajen da ke kewaye da makaranta mai kyau sun fi tsada, sai ya zama mai kuɗi ya sayi gurbin ɗansa ta hanyar sayen gida. Akwai makarantun gwamnati 163 da sai yaro ya ci jarrabawa yana shekara 10 ko 11 zai shiga, kuma masu hali ne ke iya ɗaukar malamin da zai shirya musu yara. Sannan ga makarantun kuɗi, waɗanda yaran da ke cikinsu ba su wuce kashi 7 cikin 100 ba, amma wani rahoto na 2019 ya nuna kashi 65 na manyan alƙalan ƙasar daga can suka fito. Makarantar Eton kaɗai, wadda aka kafa a 1440, ta yaye firaministoci 20, ciki har da David Cameron da Boris Johnson, kuma kuɗinta ya haura fam dubu 60 a shekara bayan da gwamnati ta sa wa irin waɗannan makarantu harajin kashi 20 a Janairun 2025. Su ma dai akwai ɗan bora da ɗan mowa. Fashin ma bai ƙare ba. Bayan annobar korona, a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, wajen ɗaya cikin biyar na ɗalibai sun yi fashin kashi goma ko fiye na kwanakinsu. Amma ka lura, wannan adadin su suka fitar da shi da kansu, domin suna ƙirgawa.

Na san kuma dattawanmu za su ce wannan ai shisshigi ne, ta yaya hukuma za ta ci ni tara a kan ɗan da na haifa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin tarar ta fi yi wa talaka ciwo. Sai dai a dokarsu ilimi ne dole, zuwa makaranta ba dole ba ne. Uba yana iya koyar da ɗansa a gida, muddin karatun na gaske ne. Batun addini ma ba su kore shi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun gwamnati na da alaƙa da addini, akasari na coci, kuma a 1998 gwamnati ta fara ɗaukar nauyin makarantun Musulmi, da Islamia ta Landan wadda Yusuf Islam ya kafa, da Al-Furqan ta Bamingam. Yaran Musulmi da yawa in sun taso daga boko da yamma masallaci suke wucewa su yi karatun Alƙur'ani. Saɓani kan tarbiyya yana tasowa, kamar yadda aka gani a Bamingam a 2019 lokacin da iyaye suka yi ta zanga-zanga a ƙofar wasu firamare kan darussan zamantakewa da jinsi. Ko a nan ɗin, abin da na gani shi ne iyayen sun san abin da ake koya wa 'ya'yansu.

To mu dawo gida. Mu ma muna da doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, har ta yanka tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda ga uban da aka sake kamawa bayan gargaɗi. Wa ya taɓa jin an kama wani? A nan Ibadan ban ga ana korar ɗan Bahaushe daga firamaren gwamnati ba, kuma a 2019 gwamnatin jiha ta soke naira 3,000 da ake karɓa a sakandare. Matsalarmu ita ce yaron Sabo ba ya cikin lissafin kowa. Jihar da aka haife shi tana ganin ɗan Arewa ne, jihar da ake ce masa ɗanta ba ta ma san an haife shi ba. Sai ranar da ya je neman tallafin karatu ko aiki a ce ya kawo takardar asali, a nan ne zai gane matsayinsa.

Mu kuma muna taimaka wa abin. A tafi ganin gida da Sallah a tsakiyar zango, a dawo bayan wata biyu. A tura yaro noma da damina. A ba gwaggo riƙon yarinya a Kano ba tare da ko takardar sakamakonta ba. Cikin waɗanda muka shiga aji ɗaya tare daga unguwarmu, kaɗan ne muka kai ƙarshen sakandare, kuma ba don sauran ba su da ƙwaƙwalwa ba. Wasu sun fi ni ja. An ɗauke su ne wata rana, babu wanda ya tambaya. Da rikicin kasuwar Shasha ya faru a Fabrairun 2021, iyalai da yawa sun hau mota sun yi Arewa. An yi ta lissafin rumfuna da buhunan da suka ƙone. Wa ya rubuta sunayen yaran da karatunsu ya yanke?

Abin mamaki, mu ne gwanayen littafi. Mahaifina ba zai kwanta ba sai ya san huhun goro nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya ci bashi, yaushe zai biya. 'Yan kara sun san kowace saniya da aka sauke daga tirela. Ƙungiyoyin kasuwa sun san wanda bai biya kuɗin wata ba. Wannan basirar ce nake roƙo mu juyo da ita kan yara, kuma ba sai mun jira Abuja ba. Kowane masallacin unguwa ya sayi babban littafi, a rubuta duk yaron da ke tsakanin shekara 5 da 16, da sunan mai riƙonsa, da makarantar da yake, boko da allo. A sa matasa biyu da suka yi sakandare su riƙa duba shi farkon kowane zango, ni na yarda in zama ɗaya. Wanda aka ga ɗansa ya yi fashi, liman ko mai unguwa ya kira shi cikin mutunci, domin kunyar liman ta fi tarar fam 80 aiki a wurinmu. Kowane jariri a karɓar masa takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya kafin a gama cin naman suna. Mai tafiya gida ya daidaita tafiyarsa da hutu, in kuma ƙaura ce, ya karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon yaro kamar yadda ba zai bar rasit ɗin kayansa ba. Ranar taron iyaye da malamai kuma a rufe rumfa na awa biyu a je, ko da tafinta ne. Sarakunan Hausawa su ma idan suka je gaban gwamnati da littafi mai sunaye da adadi, maganarsu za ta fi nauyi a kan su je da koke kawai.

Ba za mu iya gina Eton a Sabo ba, kuma ba ma buƙatarta. Littafi da biro dai ba su fi ƙarfinmu ba. Don Allah wanda ya karanta wannan ya kai maganar masallacinsu ranar Juma'a, ya ji me dattawa za su ce.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.